Wanzami ba ya son jarfa

A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan taubasai na ƙasar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Tun daga lokacin da wuya a yi taron raya al'adu a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, a watse wani babba bai miƙe ya tuna mana da wannan daraja ba. Zai gyara riga, ya gyara tabarau, ya karanto daga takarda cewa mu mutane ne masu raha, Bagobiri na tsokanar Bazabarme, Bafillace na tsokanar Babarbare da Ba'are, kuma da haka muka zauna lafiya inda waɗansu suka kasa. Duk gaskiya ne. Amma mai karatu ya dubi fuskar mai jawabin: a ɗaure take tamau, kamar ta wanda aka aiko da saƙon rasuwa. Kuma da wani taubashinsa zai miƙe daga cikin taro ya taɓa shi da irin wasan da yake yabo, da kafin la'asar maganar ta kai gaban hukuma.

Zargin da nake yi shi ne mun riƙe rabin gadon mun yar da rabi. Rabin da muka riƙe shi ne na tsokanar wani, wanda ba ya buƙatar koyo, domin ko yaron da aka yaye jiya ya iya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Rabin da muka yar shi ne mai wuya: a tsokane ka gaban jama'a, a taɓo ainihin inda yake yi maka ƙaiƙayi, ka zauna ka saurara, ka yi dariya, har ka ƙara da naka. Duk wanda ya tashi a gidan da taubasai ke shiga ya san yadda ake cin wannan kokowa. Wanda ya fusata ya sha ƙasa. Wanda ya rama da abin da ya fi zafi, an yi kunnen doki. Gwani shi ne wanda in an ce masa mutanenku ba su san komai ba sai cin tuwo, zai ce ai kaɗan ka gani, ya kawo labari a kan kansa wanda ya fi na mai tsokanar muni, har mai tsokanar ya rasa ta cewa don dariya. Kakar da ke kiran jikanta mijinta, tana kushe shi wai ba ya kawo cefane, shi kuma yana ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, karatu take ba shi tun yana ƙarami: ana iya faɗin aibinka a fili, gari ya waye kana nan da mutuncinka, kuma wanda ya faɗa ɗin yana ƙaunarka. A watan cika-ciki, lokacin da taubashi ke bin taubashi kuɗin shara, attajiri da malami da basarake duk sai sun sunkuyar da kai ga wannan doka.

Wannan karatun ne yake ɓacewa, kuma mu malamai ba mu da bakin ɗora wa wani laifi, domin a cikin lakkol aka fi kashe shi. Da yawa daga cikinmu sun tarar da abin nan da ake kira sambol, ƙashin dabba ne ko gwangwani ko guntun katako, wanda ake rataya wa yaro a wuya in ya kuskura ya yi Hausa ko Zabarmanci a farfajiyar lakkol. Aikinsa daga nan shi ne ya kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa, domin wanda yamma ta yi abin na wuyansa shi zai sha bulala. Bulalar takan warke cikin kwana biyu. Abin da ba ya warkewa shi ne shewar da aji ke yi wa mai ɗauke da ƙashin, da yardar mushe, har da umurninsa. Masanin falsafar nan na Faransa, Henri Bergson, ya rubuta littafi a kan dariya a shekarar 1900, inda ya bayyana ta a matsayin hanyar da jama'a ke bi su hukunta wanda ya kauce wa layi, ya kuma lura cewa ba ta yiwuwa sai an ɗan kwantar da tausayi barci. Shi bayani yake yi. Lakkol ɗin da muka gada ta ɗauki bayanin ta mayar da shi tsarin aiki.

An daina rataya ƙashi a yawancin wurare, amma tsarin yana nan. Har gobe akwai malamin da ke raba takardun jarrabawa daga mai 17 zuwa mai 02, yana jan sunan na ƙarshen kamar sanƙira, yana jiran aji ya fashe. Akwai wanda ke karanto wa aji jimlar da yaro ya karya, da muryar kwaikwayo. Sa'an nan mu taru a ɗakin malamai muna kukan cewa yaran yanzu ba su magana, ka yi tambaya kawuna 70 su sunkuya, sufeto kuma ya rubuta a rahotonsa cewa ilimi ya faɗi. Ilimi ya faɗi, ban musa ba. Amma yarinyar nan da ke zaune a layi na uku ta san amsar. Lissafi ta yi, kuma lissafinta daidai ne: in ta buɗe baki harshenta ya mayar da p ya koma f, ko v ya koma b, kamar yadda harshen kowane Bahaushe yake yi kafin ya saba, to ta samu sunan da zai bi ta har ranar jarrabawar BEPC. In ta yi shiru kuwa, sifiri ɗaya ne, kuma sifiri ba ya bin mutum rijiya. Harshe ba ya koyuwa sai an yi kuskure dubu a bayyane. Mu muka sa wa kowane kuskure farashin da yaro ba zai iya biya ba, sa'an nan muna mamakin kasuwa ta watse.

Abin ban haushin ma shi ne kakanninmu ba haka suka yi da Faransanci ba. Sun ji l'école suka ce lakkol, monsieur ya koma mushe, commandant ya zama kumandan, gendarme zandarma, préfet farfe. Sun lanƙwasa harshen mai mulki yadda bakinsu ya ga dama, ba su nemi gafarar kowa ba, kuma ga kalmomin nan muna ci da su har yau. Jikokinsu ne, masu takardun shaida, suka zama mutanen da zufa ke karyo wa in za su gaisa da baƙo.

Wannan tsoro yana da suna a littattafan masana halayyar ɗan Adam. Wani Bajamushe, Michael Titze, shi ya raɗa masa sunan da Faransanci ke kira gélotophobie, wato tsoron a yi wa mutum dariya, kuma a shekarar 2009 aka wallafa binciken da ya auna shi a ƙasashe 73, a kan mutum fiye da 22,000. Mai wannan ciwo in ya ji ana dariya a ƙofar shago sai ya tabbata da shi ake. Yana guje wa taro, yana tafiya a sandare, ko wasan da aka yi masa don ƙauna sai ya ɗauke shi cin fuska. Ku karanta siffar nan a hankali, ƴan'uwana malamai, sa'an nan ku tuna da waɗansu abokan aikinmu, da waɗansu shugabanninmu.

To, ina maganin yake? Yana kan allo. Ranar da malami ya manta da s a ƙarshen kalma, ko ya karya dokar participe passé da yake karantarwa shekara 15, wani yaro mai ƙarfin hali ya ɗaga hannu ya nuna masa, a wannan daƙiƙa ake yin darasin da ya fi duk na shekara. Kowa ya san amsar da aka saba bayarwa: da gangan na yi, don in gwada ku. Babu yaron da ya taɓa yarda da wannan ƙarya tun da aka kafa lakkol a ƙasar nan. Abin da suke koya daga gare ta shi ne kuskure abin kunya ne ƙwarai, tun da har mushe ya gwammace ya yi ƙarya da a ce ya yi shi. Wani ma ba ya tsayawa nan, sai ya riƙe yaron a zuciya har ƙarshen shekara. Malamin da ya juya ya dubi allo, ya yi dariya, ya ce wa aji kun ga Faransanci, ko furfura ba ya jin kunyarta, ya gode wa yaron ya goge ya gyara, wannan ya nuna wa mutum 70 a lokaci guda cewa ana faɗuwa a tashi a kaɗe riga. Ba a taɓa rubuta wannan cikin tsarin karatu na ma'aikatar ilimi ba, amma yarinyar layi na uku ta gani, kuma ta sake lissafi.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini: yawan wasa shi ke kawo raini. Ba na ɗaukar wannan magana da sauƙi. Saurayin da aka ɗauka aikin kwantaragi, aka tura shi garin da bai san kowa ba, aka ba shi aji mai ɗalibi 80 waɗanda manyansu ba su fi ƙannensa na bi-da-bi ba, albashinsa kuma sai ya yi jira, wannan ɗaurarriyar fuskar ita kaɗai ce dukiyar da ta rage masa, kuma ba zan yi masa dariya don ya riƙe ta ba. Amma kwarjinin da aka gina a kan cewa mutum ba ya kuskure bashi ne, kuma ranar biya tana zuwa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yara sun fi kowa sanin inda malaminsu yake da rauni. Sun san tafiyarsa, sun san kalmar da yake maimaitawa, sun raɗa masa suna tun makon farko, kuma akwai wanda ke kwaikwayonsa daidai wa daida da zarar ya ba da baya. Dariyar tana nan ko ya so ko ya ƙi. Zaɓin da ya rage masa shi ne ko a yi ta a bayan idonsa, ko a yi ta tare da shi yana riƙe da linzaminta. Raini yana zuwa ne ga malamin da bai shirya darasinsa ba, ko mai son kai wajen ba da maki, ko mai neman abin hannun ɗalibai. Ban taɓa ganin wanda ya san aikinsa, yake adalci, aka raina shi don ya yi wa kansa dariya ba.

Kuma ku dubi abin da ɗaurin ke ci a jikin mai shi. Mutumin da ya ɗora wa kansa cewa ba zai taɓa zama abin dariya ba ya zama mai gadin kansa dare da rana. Ƙaramin tuntuɓen harshe da ya yi a taro da safe, wanda kowa ya manta kafin azahar, shi zai kwana yana tuƙarsa kamar akuya. Masana suna ɗaukar wannan saƙa da warwara cikin manyan hanyoyin da ke kai mutum ga ciwon damuwa, kuma suna kula da bambancin wanda ya ce na ɓata abu da wanda ya ce ni ɓatacce ne. Na farko yana da abin gyarawa gobe. Na biyu ba shi da abin yi sai ɓuya. Mun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma karin maganar yana da wurinsa wajen riƙe amanar mutane, amma mun faɗaɗa shi har ya zama lasisin haɗiye duk wata kunya, shekara da shekaru, sai ranar da aka ji mutum ya yanke jiki ya faɗi.

Yadda yi wa kai dariya ke aiki ba wani sihiri ba ne. Kafin ka ga abin dariya a cikin abin da ka yi, dole ka fito daga cikin rigarka ka tsaya gefe, ka dubi kanka yadda maƙwabcinka zai dube ka. Da zarar ka yi wannan taku ɗaya, kai da kuskuren kun zama abu biyu, ga ka ga shi, kuma abin da ka iya tsayawa ka kalla ya rage ƙarfin shaƙe ka. Gordon Allport na Amurka ya lissafa wannan iyawa cikin alamomin cikar hankali tun a 1937. Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa na birnin Biyana, wanda ya yi daga 1942 zuwa 1945 a sansanonin ƴan Nazi, ya ba da labarin yadda ya yi alkawari da wani abokin wahalarsa cewa kullum kowannensu zai ƙago labarin ban dariya guda a kan abin da zai faru bayan an sake su. Shi ne kuma ya yi amfani da wannan dabara a asibiti. Wani matashin likita ya zo masa da tsoron zufa, da ya ga mutane sai tsoron kada ya yi zufa ya sa zufar ta karyo. Frankl ya ce masa nan gaba ya ƙudura a ransa zai nuna wa mutanen iyakar zufar da ɗan Adam zai iya yi. Da mutumin ya fara yi wa tsoronsa ba'a, tsoron ya sake shi. A shekarar 2011 kuma Ursula Beermann da Willibald Ruch suka nuna wa kimanin mutum 70 hotunan fuskokinsu da aka murguɗe da kwamfuta, suna ɗaukar fuskokinsu a lokacin da suke kallo. Waɗanda suka yi dariya ta gaske, wadda ke kai wa har ido, su ne aka samu sun fi sakin rai a halinsu na yau da kullum. Kakar nan mai ran ƙarfe ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma aikin da take yi ke nan.

Akwai masu kawo hujjar addini, su ce yawan dariya yana kashe zuciya. Hadisi ne, kuma yawa aka ce. Littattafan da suka kawo shi su ne suka kawo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin raha da sahabbansa ba tare da ya faɗi ƙarya ba, kuma akwai Nu'aimanu a cikinsu wanda aka sani da barkwanci. Abin da aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana shi ne izgili ga wani, wato ainihin abin da muke yi a aji da fuska a ɗaure muna ganin tarbiyya ce. Kuma malamanmu na soro sun san Jahizu na Basra, babban marubucin Larabci na ƙarni na 9, wanda laƙabinsa ma daga fitowar idanunsa aka samo shi. Daga bakinsa ake ruwaito cewa wata mace ta ja shi har shagon maƙerin zinariya, ta nuna shi ta ce kamar wannan, ta tafi. Da ya tambaya, maƙerin ya ce ai ta nemi a zana mata hoton shaiɗan a zobe ne, shi kuma ya ce bai taɓa ganin shaiɗan ba. Fiye da shekara 1,000 ke nan ana karanta Jahizu, labarin bai rage masa komai ba.

Yanzu bari in juya ga ɗaya ɓangaren, domin masu ɗaure fuska ba su kaɗai nake faɗa da su ba. Akwai waɗansu sababbin masu wa'azi, a tarurrukan horarwa da cikin wayoyin hannu, masu cewa dariya magani ce, ka yi wa kanka dariya duk damuwa ta gudu. Wannan rabin gaskiya ne, kuma a hannun malami yana iya yin ɓarna fiye da sambol. A shekarar 2003 Rod Martin na wata jami'a a Kanada, tare da abokan aikinsa, ya fitar da ma'aunin da ya raba raha gida huɗu. Akwai wadda ke haɗa mutane, akwai wadda mutum ke riƙe kansa da ita a cikin wahala, akwai ta cin naman wani. Ta huɗun ita ce ta mutumin da ke tozarta kansa don a karɓe shi, yana ba da mutuncinsa kuɗin shiga. Wannan ta huɗun an same ta tana tafiya tare da damuwa, da fargaba, da ganin kai ba a bakin komai ba. Gaskiya ne wani bincike na jami'ar Garanada a Sipaniya ya samu akasin haka a 2018, inda masu yawan yi wa kansu ba'a suka fi nuna jin daɗin rai, masu binciken kuma suka ce wataƙila al'adar wuri tana da hannu. Ni wannan saɓani bai ba ni mamaki ba, domin kalmomi iri ɗaya na iya fitowa daga bakin mutum biyu, ɗaya yana tsaye da ƙafarsa ɗaya yana durƙushe.

Kowane malami ya san na durƙushen. Shi ne wawan aji, wanda a fada ma shi ake sa wa ya dafa shayi ana yi da shi. Yaron da shan inna ya taɓa wa ƙafa, wanda ke riga kowa kiran kansa gurgu. Mai i'ina da ke kwaikwayon i'inarsa don a yi dariyar a wuce wurin. Zabiya, ko yarinyar da ke kushe baƙar fatarta da bakinta tana tara kuɗin man shafawa a ɓoye. Waɗannan suna dukan kansu ne da wuri don kada dukan wani ya same su ba shiri, kuma mu manya mukan ce ai wane ba shi da damuwa, kullum cikin raha yake. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji mutane, amma a tambaye ta bayan an watse, lokacin da yaron ya ɗauka babu mai kallonsa. Haka kalmar bawana, wadda taubashi ke jefa wa taubashi su yi dariya domin dukansu sun san babu mai mallakar wani, in aka jefa ta ga yaron da ake yi wa danginsa gorin asali a ƙasar da sai a 2003 dokarta ta mayar da bauta babban laifi, ta tashi daga wasa, ko da yaron ya fi kowa ƙyaƙyatawa.

Bambancin da nake gani yana wuri biyu. Dariyar da ke warkarwa a kan abin da mutum ya aikata take, tuntuɓensa, cika bakinsa, rowarsa, mantuwarsa, abin da gobe zai iya sakewa. Wadda ke ci kuwa a kan halittarsa take, ko asalinsa, ko talaucin gidansu. Sa'an nan a dubi wanda ya fara. Al'adarmu ta san wannan sarai: ƴan kama shigar malamai suke yi su karanto tuwo da miya da muryar wa'azi, kuma malaman kirki sukan yi dariya su ba su kyauta. Wasannin kwaikwayon da Yazi Dogo da ƙungiyarsa ta Damagaram suka yi a rediyo da talabijin alhazai da ma'aikatan gwamnati da ƴan boko suke taɓawa, kuma waɗanda ake taɓawar suna cikin masu kallo suna ganin kansu. Mamane, ɗan ƙasar nan, da ya ƙago jamhuriyar Gondwana a rediyo har ta zama fim a 2017, shugabanni da fadawansu ya sa a gaba, da mu da muke yi musu tafi. Daga sama abin yake gangarowa. Babba ne ke da mutuncin da zai iya ɗiba ya yi wasa da shi bai ƙare ba. Saboda haka malamin da zai karanta wannan ya shiga aji gobe ya ce wa yaron da ake tsangwama ka koyi yi wa kanka dariya, alhali shi bai taɓa yi wa tasa furfurar ba, bai fahimce ni ba, ya ƙara wa yaron kaya ne kawai.

Kuma kada a mayar da raha madadin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kimanin mutum miliyan 280 ke fama da ciwon damuwa. Wanda ya yi makonni ba ya barci, ba ya jin daɗin abinci, ya janye daga mutane, har yana zancen gara mutuwa, ce masa ya yi dariya kamar ce wa mai karaya ya yi rawa ne. Asibiti yake buƙata, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne kuma galibinsu suna Yamai, a ƙasar da sunan Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, ya zama abin tsokana a bakin ƴan lakkol. Wannan ma wata dariya ce da ke hana mutane zuwa inda za a taimake su.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta zama ta gaggawa shi ne sauyin da aka samu a 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Mu da muke karantar da Hausa, muke tuna lakkol ta gwaji da aka buɗe a Damagaram a 1973, muna da dalilin murna. Amma mutanen da aka rataya wa ƙashi su ne suka fi kowa sanin yadda ake rataya shi. Na riga na fara jin waɗanda jiya ake yi wa dariyar Faransancinsu suna yi wa Bazabarme da Buzu da Batube dariya don sun mayar da namiji mace a jimla, suna kuma gyara wa yaron Adar baki in ya ce na tahi ko ya hwaɗi, wai Hausar littafi ba haka ta ce ba, kamar Tawa da Gobir aron harshen suka yi. In muka shiga sabon zamani da tsohuwar fuska, sambol zai dawo da Hausa a bakinsa, kuma wannan karon babu Bature da za mu ɗora wa.

Ga ƙungiyoyinmu na raya al'adu, masu shirya daren wasan taubasai kowace shekara a gidajen matasa da farfajiyar lakkol, ina da roƙo guda. A daina jera yara a kan dandamali su haddace zagin ƙabilar juna, manya na zaune a kujerun gaba suna duba agogo. A fara da kujerun gaban. Darakta ya hau ya ba da labarin ranar da Faransanci ya kayar da shi gaban sufeto, sufeto ya ba da nasa, shugaban ƙungiyar iyaye ya biyo, kowanne kuma a sa taubashinsa kusa da shi don ya tuna masa abin da ya tsallake. Yara su zauna a ƙasa su kalla, sai manya sun gama a ba su fili.